Jinyar Tsoho Ba Ta Ƙarewa a Ƙofar Asibiti

Ranar da likita ya sallami dattijon da ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, iyalinsa kan yi hamdala, su ɗauka an tsallake siraɗi. Alhali a ranar ne aikin yake farawa. A wannan mako ina so mu dubi halin da irin waɗannan iyalai ke shiga a Kurgu da sauran ƙauyukan ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, a bakin iyakarmu da Jamhuriyar Benin.

Ciwon yana samuwa ne idan jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe, kuma hawan jini ne kan gaba wajen jawo shi. Sashen da jini ya yanke masa yakan mutu, amma sassan da ke maƙwabtaka da shi suna iya koyon aikinsa idan aka dage da maimaita motsi. Mafi yawan sauƙin da ake samu yana zuwa ne cikin watanni 3 zuwa 6 na farko. Wato lokacin da ake shimfiɗe Baba a ɗaki don ya huta shi ne lokacin da ya fi bukatar a zaunar da shi, a tsayar da shi, a koya masa taku.

To, ina masu koyarwar? Ƙwararrun ma'aikatan gashi sun fi yawa a manyan asibitoci, kamar Asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Gashi kuwa ba zuwa ɗaya ake yi masa ba, sai an yi ta komawa mako bayan mako. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya tashi, ga shi mai shanyewar jiki ba ya hawa babur cikin aminci. Don haka bayan zuwa biyu ko uku sai aljihu ya yanke hukunci. Wasu kan tsallaka Benin neman magani, inda ake biya da sefa, ake rubuta takardar asibiti da Faransanci. Rufe iyakar da aka yi a Agustan 2019 ya nuna cewa wannan hanya ba abar dogaro ba ce.

Ke nan gida ne asibitin da ya rage, kuma akwai abin da iyali za su iya. Kafin a baro asibiti, mutum biyu su tsaya ma'aikacin gashi ya nuna musu motsin hannu da ƙafa, su ɗauka a waya idan ya amince. A riƙa juya majinyacin da ba ya iya juyawa kowane awa 2, don kada bayansa da ƙugunsa su yi gyambo. Kada a ɗaga shi ta hannun da ya shanye, domin kafaɗar tana iya gocewa. A ciyar da shi yana zaune, da kunu mai kauri ko fate, kaɗan-kaɗan, saboda abincin da ya sarƙe shi yana iya gangarawa huhu. Maganin hawan jini kuma ba a daina shi don an ga sauƙi. Addu'a da tofi suna tafiya tare da ƙwayar magani, ba sa korar ta.

Sai dai wa zai yi wannan aiki? A gidajenmu nauyin yakan faɗa kan mace guda: matar tsohon, wadda ita ma ta manyanta, ko suruka mai goyo, ko yarinyar da aka cire daga makaranta. 'Ya'ya maza da ke birni sukan aiko da kuɗi su ɗauka sun sauke farali. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kamata a zauna a raba kwanaki da dawainiya a fili: wane ya ɗauki magani, wane kuɗin mota, wane kwanan ɗaki. Wankan uba da kai shi bayan gida aikin ɗa namiji ne kafin ya zama na suruka, kuma hakan ya fi tsare wa dattijo mutuncinsa. Mai jinyar da ba ta samun barci ita ce majinyaciya ta gaba.

Hukuma ma tana da nata kason. An sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, sannan dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu domin masu rauni, ciki har da tsofaffi. Abin da mutumin Kurgu ke jira shi ne ya ga amfanin waɗannan dokoki kusa da gida. Gwamnatin Kebbi tana iya horar da ma'aikatan ɗakunan shan magani kan dabarun gashi na farko, ta kuma sa ƙwararre ya riƙa zagaya Bagudo da Ka'oje da Illo a ranakun da aka tsayar. Kafin hakan ta samu, duk mai uwa ko uba da ya haura shekara 50 ya kai shi a auna masa jini cikin wannan wata.