Wa Ya Ce Ɗan Panshekara Ba Shi Da Kan Lissafi?

"Lissafi ba na kowa ba ne." Na gaji da jin wannan magana, musamman daga bakin mutanen da ake biya albashi don su koyar da lissafin. Malami zai shiga aji cike maƙil, ya zuba wa allo Turanci, ya ware 'yan layin gaba ya ce su ne masu kai, sauran kuma daƙiƙai. Yaro ɗan shekara goma ya koma gida da wannan hukunci, uwarsa ta ce, "Yi haƙuri, mu ma gidanmu ba a iya shi." Shi ke nan, an rufe babi. Tun kafin WAEC ta kayar da shi, ya riga ya kayar da kansa.

To, ku je Challawa da safe, ku tsaya bakin kamfanonin jima. Ga saurayin da aka kira daƙiƙi. Zai ɗaga fatar akuya, ya juya ta, ya duba yankan wuƙa da tabon ƙazuwa, ya faɗi ajinta. Dillali ya kawo ɗaruruwa masu farashi daban-daban, shi kuwa ya haɗa jimilla, ya cire la'ada, kafin mai kalkuleta ya gama danne-dannensa. Wannan shi ne wanda ba shi da kai? Amma ku leƙa ciki, inda ake ƙididdige sinadarin da za a zuba a gangar jima da ƙarfin wutar da injin ke ja. Sau da yawa daga nesa ake ɗauko mai wannan kujera, ɗan unguwa yana can cikin ɗoyi da takalmin roba, lebura. Haka abin yake a Sharaɗa da Bompai, a 'yan masana'antun da suka rage da rai.

Baƙaƙen fata a Amurka sun daɗe da sanin wannan ciwo. A 1995 Claude Steele da Joshua Aronson sun gwada ɗaliban Jami'ar Stanford: tambayoyi iri ɗaya, amma da aka ce ana auna basira ne, sakamakon baƙaƙen ya sauko. A 2000 Danny Martin ya fitar da littafi kan yaran baƙaƙe da lissafi, inda ya nuna cewa yadda yaro ke ganin kansa, ko shi ɗan gida ne a lissafi ko baƙo, yana shafar abin da zai ci. Su wariyar launin fata ce ta yi musu haka. Mu fa? Da malamin da ɗalibin duk baƙi wuluk, mu muke yi wa kanmu.

Abin da ya fi ƙona min rai, cewa ba mu da kan lissafi ƙarya ce tsagwaronta. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi kan ƙa'idojin tsara hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975. Malamin zaure yana raba gado da sumuni da sudusi da sulusi, ba a taɓa cewa aikin Bature yake yi ba. Yara nawa a Kumbotso aka taɓa gaya wa sunan al-Kashinawi a aji? A 1977 Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta kwaso 'ya'yan talakawa ta ce za su iya, suka fito likitoci da injiniyoyi. Ƙwaƙwalwar ba ta canza ba, mu ne muka daina faɗa.

Sai ga shi a Oktoban 2025 Gwamnatin Tarayya ta ce masu neman gurbin adabi da dangoginsa ba sai da kiredit a lissafi ba. Wasu suka yi ta murna. Murnar me? An kasa koyarwa, sai aka buɗe ƙofar gudu. Ya kamata Ma'aikatar Ilimi ta Kano ta hana malami kiran yaro daƙiƙi, ta bar yaron ya warware darasi da Hausa idan Turanci ya cije. Masu kamfanonin Challawa kuma, da suke zubar mana da ruwan jima a kogi, su ɗauki nauyin malaman lissafi a makarantun da ke bayan katangarsu.