KOWANE TSUNTSU KUKAN GIDANSU YA KE YI

Jama'a, akwai wata magana da mu ke ji a wuraren hira daga Tudun Wada har Kawo, kuma ba mu ga ya kamata mu yi shiru a kanta ba. Wai samarin ƙananan kabilu sun cika wayoyi da akwatunan talabijin da waƙoƙi cikin harsunan iyayensu, kowa yana kirari da sunan kabilarsa, yana cewa ba ya jin kunyar asalinsa. Waɗansu dattawa suna cewa wannan raba kan Arewa ne. Mu dai ba mu yarda ba. Abin murna ne, kuma mu mazauna arewacin kogi mu ya fi kamata mu fara kasa kunne.

Bari mu tuna wa juna inda mu ke zaune. Kafin Gwamna Lugga ya taso da hedkwata daga Zungeru zuwa nan a 1917, Gbagyi ne ke noma wannan ƙasa. Mu kuwa muka zo muka ce musu Gwari, har in mutum ya kasa magana sosai sai mu ce yana gwaranci. Bajju muka ce musu Kaje, Atyap muka ce Katab, Ham muka ce Jaba. Namu mu kan ce harshe, nasu kuwa yare. A wasannin kwaikwayo da yawa, in an fito da Bagware to don a yi dariya ne: ga Hausa a karye, ga wauta. Yaron da ya tashi yana kallon wannan, me za ku ce ya koya? Ya koyi ɓoye sunansa a kasuwa, ya koyi jin nauyin gaida tsohuwarsa da harshenta a gaban abokai. To, in yau ya ɗauki jita ya ce shi ɗan Gbagyi ne kuma ya gode Allah, wa ya zalunta?

ABIN BA BAƘO BA NE

Masu cewa wannan ɗabi'ar waje ce sun manta da tarihin garinsu. Gaskiya ne a 1968 James Brown na Amurka ya yi waƙar da ta ce wa baƙar fata su yi alfahari da launinsu, ta kuwa zaga duniya. Amma ba sai mun je Amurka aro ba. Tun 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a nan Kaduna, a wannan gefen kogi, kuma ku dubi waɗanda suka shiga zukatan mutane ta wannan kafa.

Ga Usman Baba Pategi, Banufe, tsohon soja, wanda duniya ta sani da Samanja. Hausarsa ta bariki ce, gauraye da Turancin sojoji, bai taɓa gyara ta don ya yi kama da Bakano ba. Amma shi ke ba da oda, shi ne mai gaskiya cikin wasan, tare da shi a ke dariya. Har ya rasu a 2023 babu wanda ya ce ya raba Arewa.

Ga Bala Miller, ɗan gidan Kiristocin Zariya, wanda ya riƙe ƙungiyar makaɗansa a kulob na Costain, yana waƙa da Hausa bisa kayan busa na zamani, Musulmi da Kirista suna saurare. Ga kuma Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Maraici abu ne da mutane ke ɓoyewa, shi kuwa ya mai da shi sunansa, ya ɗauki kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota waƙa, mutumin da ba mai kulawa da shi a tasha. Wannan shi ne yarda da kai, tun ba a ba abin suna ba.

WANZAMI BA YA SON JARFA

Mu Hausawa mun san zafin abin, in mun tsallaka Kwara. A Ikko kalmar aboki, wadda ke nufin amini, an mai da ita zagi. A finafinan Kudu da dama Bahaushe mai gadi ne, ba ya gane komai sai buɗe ƙofa. Mu kan fusata, kuma muna da gaskiya. To, wa ya tashi a 2012 ya yi waƙa mai suna Aboki, ya mai da kalmar kirari har aka yi ta rawa da ita a Ikkon kanta? Ice Prince ne, ɗan kabilar Ngas wanda ya tashi a Jos. Ɗan ƙaramar kabila ya wanke mana suna a Kudu, mu kuwa a gida muna ƙyashin ya ambaci nasa. Haba jama'a!

Kada kuma wani ya ce Hausa za ta ragu. Harshen da BBC ke watsa labarai da shi tun 1957, wanda aka fassara Littafi Mai Tsarki cikinsa tun 1932 har ya zama harshen coci a Kudancin Kaduna, ba waƙar saurayi ɗaya za ta girgiza shi ba. Harsunan da ke cikin haɗari su ne nasu, domin yara da yawa a birni ba sa iya su sai Hausa da Turanci.

ME YA RABA GARIN?

Tsoron ƙananan kabilu tsoho ne. Turawa sun naɗa kwamitin Willink a 1957 don ya bincika shi, ya ba da rahoto a 1958, aka sami mulkin kai maganar tana nan kwance. Mun ga abin da ya faru a Fabrairu da Mayu na 2000, da Nuwamba na 2002. Bayan nan maƙwabta suka kwashe kaya, Kirista suka nufi Sabon Tasha da Narayi da unguwar da a ke kira Television, Musulmi suka tattaru a wannan gefe, kogi ya zama iyaka. Waƙa ce ta jawo wannan? A'a. Rashin sani ne, wanda ya fi dare duhu, da 'yan siyasar da ke cin abinci da shi. Yau akwai yaran Unguwar Dosa da ba su taɓa cin tuwo a gidan Bajju ba. Abin da ya rage yana tsallaka gada ba tare da fargaba ba shi ne waƙa da hoto. Tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, ta nuna cikin wasan Daɗin Kowa cewa a kan iya sa Musulmi da Kirista unguwa ɗaya, mutane kuma su yi ta kallo.

Muna da sharaɗi ɗaya. Alfahari da asali daban, zagin asalin wani daban. Mawaƙin da ya taɓa addinin wani ko kabilarsa, ko daga wane gefen kogi ya fito, mu ne farkon masu tsine wa aikinsa.

Saboda haka muna kira ga mahukunta. Gidajen rediyo da talabijin na gwamnati da harajin kowa a ke riƙe su. Bai isa a kira 'yan rawar Kagoro ranar biki su yi tsalle gaban manyan baƙi, a sallame su sai baɗi ba. A ba mawaƙansu fili da daddare sa'ad da iyali ke zaune, a rubuta fassarar waƙar da Hausa a ƙasan hoto don mu ma mu ji. Masu shirya wasanni su bar mai da Bagware abin dariya. Mu kuma talakawa, abin da ya rage gare mu ba ya cin ko kwabo: mu kira mutum da sunan da ya kira kansa.

Allah ya zaunar da Kaduna lafiya, amin.