Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malaman Tattalin Arziki Na Jami'ar Garwa



Tun kafa jami'ar nan a 2022 muke fatan ganin yaranmu a bankunan zuba jari na Duwala. Amma a ganawar ɗaukar aiki, hadda ba ta fid da mutum. Kwatsam za a ce: audugar kamfanin Sodecoton da dala ake cinikinta, yuro ɗaya kuwa sefa 655.957 ne daram. In dala ta faɗi, ina makomar ribar kamfanin? Nan yaro zai yi tsuru-tsuru, gumi na keto masa.

Don Allah ku riƙa titsiye su a aji. Su saba neman takarda da biro, su yi lissafin a bayyane, su faɗi inda saninsu ya tsaya, ban da kame-kame.

Wassalam.