Ana Shan Ruwan Tiga, Amma Wa Ya Kai Iyalinsa Su Gan Ta?

Duk wanda ya taɓa bi ta Titin Gidan Zu a Kano ranar Sallah ko kashegarinta ya san irin abin da ake gani a can. Yara ne maza da mata, kowa ya ci ado, waɗansu sun zo a ƙasa, waɗansu an cuso su cikin A Daidaita Sahu, suna ta turereniya a bakin ƙofa sai ka ce wurin rabon zakka. In mutum ya tsaya ya duba da kyau zai ga abu guda ne ya yi ƙaranci a wannan taro, watau iyaye. Sau da yawa babbar cikin ayari yarinya ce 'yar shekara 12, ita ce uwa ita ce uba, tana goye da ɗaya tana janye da biyu. Maigida kuwa yana can majalisa da abokansa, ya ba kowa goron Sallah, a ganinsa ya sauke nauyi. Sai magariba ta yi a shiga cigiyar yaran da suka ɓata.

Abin da wannan ke nunawa shi ne yara suna ƙishin fita su ga duniya, amma manya sun sakar musu al'amarin su kaɗai. Alhali kuwa akwai wuraren da aka kashe dukiyar jama'a aka tanada domin magidanci ya kai iyalinsa su sha iska tare. Babba daga cikinsu a ƙasar Kano shi ne bakin tafkin Tiga.

Marigayi Kwamishinan 'Yan Sanda Alhaji Audu Bako, wanda ya yi Gwamnan Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ne ya sa aka datse Kogin Kano a Tiga. An kama aikin a 1971, aka gama a 1974, watau daidai shekarun da fari ya addabi ƙasashen Arewa, dabbobi suka yi ta mutuwa, gonaki suka bushe. Madatsar tana da tsawon kusan kilomita 6 da tsayin mita 48, ruwan da ta tare kuwa ya malale fili mai faɗin murabba'in kilomita 178. Daga nan ne ake sakin ruwan da ke bin magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir rani da damina. Daga wannan kogi kuma ake ɗiban ruwa a Tamburawa a tace shi a turo wa mutanen birni.

Amma fa tunanin Audu Bako, Allah Ya ji ƙansa, bai tsaya ga ciki kaɗai ba. Ya lura cewa mutumin da ya yi aiki mako guda yana bukatar inda zai huta ya wartsake. Saboda haka a zamaninsa aka kafa Gidan Zu a cikin birni, aka gina masaukin baƙi a gefen tafkin Bagauda, wanda aka sa wa sunan sarkin Kano na fari, aka kuma gina otal ɗin Rock Castle a bisa duwatsun Tiga, inda mai zaune ke hango ruwa iyakar ganinsa. A waccan shekarun ma'aikata da 'yan kasuwa da baƙi na ƙasashen waje sukan tafi can ƙarshen mako su kwana.

Daga baya abubuwa suka ja baya. A watan Agusta na 1988 aka tafka ruwan sama mai yawa, madatsar Bagauda ta ɓalle, aka yi hasarar rayuka da gidaje da gonaki. Masaukin Bagauda daga bisani aka mai da shi reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Rock Castle kuwa ya yi shekara da shekaru a yashe. Jama'a sukan ɗora laifin duka a kan gwamnatocin da suka biyo baya, kuma lalle suna da nasu kason. Amma in za a yi adalci, akwai tambayar da ya kamata kowane magidanci ya yi wa kansa: shin sau nawa ya taɓa taka ƙafarsa can da iyalinsa? Kasuwar da ba masu ci, ai ko ba a tashe ta ba za ta watse.

A ɗauki misalin wani tela mazaunin Fagge. Shekararsa 30 yana alwala da ruwan famfo, yana cin shinkafar Kura, ana yi masa miya da tumatirin Kadawa, amma Tiga sai dai ya ji sunanta a rediyo. Wata rana ɗansa ɗan firamare ya dawo da aikin gida, malami ya ce su zana tafki. Yaron ya zo shago ya ce, "Baba, yaya tafki yake?" Uban ya buɗe baki zai ba da amsa, sai ya tarar iyakar abin da zai iya kwatanta masa shi ne kududdufin bayan unguwa, wanda bola da leda suka cinye rabinsa. Abin ya tsaya masa a rai. Da dare ya ce wa maiɗakinsa ta shirya, ranar Asabar za su Tiga. Ta dube shi da mamaki ta ce, "Malam, lafiya? Wa ya rasu a can?"

Wannan tambaya ta uwargida ita ce ta tona asirin halin da ake ciki. A gidaje da yawa iyali ba su fita tare da maigida sai in biki ne, ko ta'aziyya, ko asibiti. Fita domin nishaɗi kawai, ana ganinta tamkar yawon banza, ko kwaikwayon Turawa.

Ran Asabar tun da sassafe suka haɗu da iyalin ƙanensa suka yi shatar mota ɗaya. An dafa dambu da ƙwai, an cika kula da waina, ga zoɓo, ga tabarmi biyu da buta. Suka bi hanyar Zariya, can gaba suka ratse, tafiyar kimanin kilomita 70 ce kudu da birni, ba ta kai sa'a biyu ba. Da suka hau tudu ruwan ya bayyana a gabansu, yara suka yi tsit. Can ƙaramar ta ce, "Baba, wannan shi ne teku?" Uban bai amsa nan da nan ba, domin shi ma kallon yake yi.

Suka shimfiɗa tabarmi a inuwa nesa kaɗan da gaɓa. Ga balbelu suna kiwo a bakin ruwa, ga zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya yana dakon kifi, ga masunta cikin kwalekwale suna jan taru. Da wani masunci ya fito, yara suka kewaye shi, ya nuna musu bambancin karfasa da tarwaɗa, ya gaya musu dalilin da ya sa ake mai da ƙananan kifi cikin ruwa. Uban ya ja yaran suka je suka ga inda ruwa ke fita ya kama hanyar gonaki, ya ce musu, "To, kun ga mafarin shinkafar da kuke ci." Azahar ta yi aka yi salla cikin jam'i, aka ci abinci, matan nan biyu suka sami sararin hirar da hayaniyar gida ba ta barinsu su yi. La'asar sakaliya suka kamo hanya. Yaron ya zana tafkinsa har da kwalekwale. Gani ya kori ji.

Masu cewa wannan ba al'adar Bahaushe ba ce sun manta da kallon su da ake zuwa Argungu, da kallon hawan Sallah, da yawon shan iska da sarakuna da attajirai kan yi zuwa gidajen gona. Masu cewa bai dace da addini ba kuwa, sai su tambayi malamai. Sananne ne cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa yin tsere da Nana A'isha a cikin tafiya. Kuma duban halittar Allah da tunani a kanta abu ne da malamai suka daɗe suna kwaɗaitarwa. Matar da ta fita cikin suturarta tare da mijinta da 'ya'yanta ba ta keta wata doka ba. Saura masu kukan kuɗi. Gaskiya ne zamani ya yi tsanani, amma abincin da za a ci a bakin tafki shi ne dai wanda da za a ci a gida, kuɗin mota kuwa in gida biyu ko uku suka haɗa hannu ba zai gagara ba sau ɗaya a shekara. Sau nawa ake kashe abin da ya fi haka wajen ankon biki guda?

Sai dai fa ruwa ba abokin wasa ba ne, kuma a nan ne zuwan maigida da kansa ya zama wajibi. Abu na fari, kada a bar yaro ya shiga ruwan dam da sunan wanka. Gaɓar irin wannan tafki ba kamar ta rafi ba ce, mutum yana taku biyu ruwa iya gwiwa, na uku sai ya ji ba ƙasa, ga laka mai riƙe ƙafa. Kusa da bakin magudana kuma ruwan yana da ja ko da samansa ya yi lum.

Abu na biyu shi ne tsargiya. Ƙwayoyin wannan cuta suna rayuwa ne a jikin waɗansu ƙananan katantanwa da ke cikin ruwa mai kwanciya. In sun fito daga katantanwar sai su huda fatar wanda ya shiga ruwan, ba sai ya sha ba, su girma a cikin jijiyoyin jininsa, bayan 'yan watanni a ga yaro yana fitsari da jini. Shi kuma in ya yi fitsari a ruwa sai ya zuba ƙwai, cutar ta sake zagayowa. Har yanzu akwai masu ɗaukar fitsarin jini alamar balagar ɗa namiji ce. Ba haka ba ne, ciwo ne, in an ƙyale shi yana lalata mafitsara da ƙoda. Maganinsa yana nan a asibiti, amma rigakafi ya fi magani.

Abu na uku shi ne jirgin ruwa. Jama'ar Kano ba za su manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, sa'ad da jirgi ya kife a dam ɗin Watari da mutanen da suka taso daga Badau za su Bagwai wajen Maulidi. Sama da mutum 20 suka riga mu gidan gaskiya, galibinsu yara 'yan makarantar Islamiyya, kuma lodin da ya wuce kima ne aka fi dangantawa da hatsarin. Saboda haka in mai jirgi ya ce a ƙara mutum ɗaya, maigida ya ce a'a. In babu rigar nan mai hana nutsewa, a haƙura da shiga, kallo daga gaɓa ma ya isa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Har ila yau, a yi tafiyar da rana a dawo da rana. Kafin a tashi a tambayi direbobin hanyar da mutanen wurin halin da ake ciki, a kuma nemi izinin ma'aikatan da ke tsaron madatsar kafin a hau kanta. Kada a ce za a zarce cikin dajin Falgore da ke kudu da tafkin ba tare da jagorancin hukuma ba. In an tashi kuma a kwashe leda da robobi a tafi da su, domin wannan ruwa shi ne zai biyo mutum har randar gidansa.

To, saura hakkin hukuma. Abin da iyali ke bukata a bakin tafki ba wani abu ne mai tsada ba. Rumfuna ne masu inuwa, da makewayi mai tsabta na maza daban na mata daban, da wurin salla, da ruwan sha, da shingen da zai tsare yara daga wurare masu zurfi, da alluna cikin Hausa da boko da ajami masu gargaɗi, da 'yan ma'aikata waɗanda suka iya ruwa. Masunta da suka tashi a wurin sun fi kowa sanin ramukansa, in an horar da su aka ba su albashi, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. A kuma tilasta wa masu jirage ƙayyade yawan fasinja. Tun da kula da madatsar yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta Gwamnatin Tarayya, ya kamata ita da Gwamnatin Jiha su zauna su raba aikin, don kada kowa ya riƙa tura wa ɗan'uwansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wannan magana ba ta Kanawa kaɗai ba ce. Mutanen Abuja ga tafkin Jabi a tsakiyar gari. Hausawan Sabo a Ibadan ga Lambun Agodi da ɗan tafkinsa kusa da su. Mutanen Filato ga Pandam, na Neja ga Kainji, na Sakkwato ga Goronyo. Kusan kowace jiha tana da ruwan da ake cin amfaninsa amma ba a zuwa ganinsa.

Yaro ba ya tuna yawan kuɗin da aka ba shi ranar Sallah, amma har ya tsufa yana tuna ranar da mahaifinsa ya riƙe hannunsa ya nuna masa abin da bai taɓa gani ba. Wanda kuma ya san tafki tun yana ƙarami, ya ga masuntansa da tsuntsayensa da gonakin da yake shayarwa, shi ne gobe in ya zama kwamishina ko injiniya ba zai yarda a bar wurin ya lalace ba. Magabata sun haƙa, sun datse, sun gina. Abin da ya rage wa magidantan yau shi ne su ɗauki tabarma su kama hannun 'ya'yansu. Allah Ya ba da iko, Ya kuma kai kowa lafiya Ya dawo da shi lafiya, amin.