Gayyar Masu Keke Domin Yaran Titi

A karkara babu wanda za a gaya wa amfanin keke. Shi ke kai buhun hatsi kasuwa, shi ke kai malami lakwal, shi ke zuwa kiran ungozoma da tsakar dare. Amma a waɗansu ƙasashe an samo masa wani aiki na dabam. Ana hawansa a yi doguwar tafiya domin tara kuɗin taimakon yaran da ke kwana a titi da iyalan da talauci ya ci ƙarfinsu.

Ga yadda abin yake. Mutum ya sanar da jama'a cewa zai tuƙa keke daga gari kaza zuwa gari kaza. Sai ya bi dangi da abokai da ƴan kasuwa, kowa ya yi alkawarin abin da zai bayar. Wani ya ce zai ba da kuɗi a dunƙule, wani ya ce zai biya a kan kowane kilomita. In an gama tafiya, sai a tara alkawura a miƙa wa ƙungiyar da ke kula da yaran. Mai keke ba ya cin ko dala a ciki. Nasa gumi ne da ciwon cinya. In an duba da kyau, wannan gayya ce, sai dai a maimakon hauya an ɗauki keke.

Masu sauraron rediyo sun san BBC. To, gidan nan yana da wani asusu na taimakon yara marasa galihu na ƙasar Birtaniya, ana ce da shi Children in Need. Tun daga 1980 ake keɓe dare guda a watan Nuwamba ana neman gudummuwa ta talabijin, kuma abin da aka tara tun daga lokacin ya wuce fam miliyan dubu. A shekarar 2011 wani ma'aikacin talabijin mai suna Matt Baker ya hau keke mai ƙafa uku, irin wanda ake ɗaukar fasinja a baya. Ya taso daga Edinbara ya nufi Landan, wajen kilomita 780, ya yi kwana 8 a hanya. Daga 2012 sai aka shiga sa samari da ƴan matan da asusun ya taɓa taimaka wa suna karɓar tuƙin bi da bi. Wannan dabara ta yi kyau, domin mai bayarwa ya ga wanda kuɗinsa ya amfana da idonsa, kuma yaron da aka san shi da karɓa ya zama mai nema wa waɗansu.

A watan Nuwamba na 2024 wani mai wasan ban dariya, Paddy McGuinness, yana da shekara 51, ya ɗauki wani keken yara na yayin shekarun 1970 da ake kira Chopper. Keken ba na doguwar tafiya ba ne. Da shi ya taso daga garin Reksam na yankin Wels, ya isa Gilasgo ta Sikotilan, wajen kilomita 480 cikin kwana 5, ga sanyi ga hawa da gangara. Kullum rediyo yana ba da labarin inda ya kai, mutane suna fitowa bakin hanya suna yi masa barka. Wani attajiri, Tom Hunter, ya yi alkawarin ɗora nasa a kan abin da jama'a suka bayar, fam a kan fam, har zuwa wani adadi da ya ƙayyade. Ranar da ya isa an riga an tara fiye da fam miliyan 7, daga baya kuɗin suka haura miliyan 10.

A Afirka ma ana yi. A birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, tun 1978 ake wata tafiyar keke ta shekara-shekara. Tsawonta kilomita 109 ne, kuma a waɗansu shekaru masu hawa sun kai 35,000. Kowa yana biyan kuɗin shiga, ribar kuma ana raba ta ga ƙungiyoyi biyu na birnin, su zuba ta cikin ayyukan taimakon jama'a. A 2017 iska ta yi ƙarfi har tana kayar da mutane daga kan keke, dole aka fasa tafiyar.

Mai karatu zai iya tambaya: me ya hana mai niyya ya ba da sadakarsa kawai, ba sai wani ya wahala a kan hanya ba? Amsar ita ce, ɗan Adam yana da mantuwa. Yaron da ake gani kullum a bakin tasha, ido yakan saba da shi har ya daina ganinsa. Amma in aka ga babban mutum yana haki a kan keke, gari bayan gari, dole a tambaya mene ne dalili. Tambayar nan ita ce rabin aikin. Keke yana tara kuɗi, yana kuma sa a yi maganar da aka daɗe ana kauce mata.

Sai dai tara kuɗi dabam, sanin inda za a sa su dabam. A nan akwai darasi daga wata ƙungiya mai suna Railway Children. Wani jami'in jirgin ƙasa na Ingila, David Maidment, shi ya kafa ta a 1995, bayan ya ga wata ƙaramar yarinya tana bara a tashar jirgin Bombay, wato Mumbai ta ƙasar Indiya. Ƙungiyar ta yi aiki a Indiya da Tanzaniya da Birtaniya, kuma masu goyon bayanta sukan tara mata kuɗi da tafiyar ƙasa da ta keke. Ma'aikatanta a tasha suke tsayawa, domin su riga mugaye isa ga yaron da ya sauka shi kaɗai. In sun same shi, sai su ba shi abinci da wurin kwana, su nemo iyayensa, su binciki abin da ya fitar da shi daga gida. In yunwa ce, a taimaki uwar da sana'a. In duka ne, a zauna da uban. Sun gane cewa yaron da aka mayar gidan da babu tuwo, gobe zai sake komawa titi. Shi ya sa taimakon yaro da taimakon iyalinsa ba su rabuwa.

Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta yi magana a kan haka. A 2017 kwamitinta na haƙƙin yara ya fitar da wata takarda ta musamman a kan yaran titi, wadda ta ce kada a ɗauke su masu laifi a yi ta kamun su, a saurare su a nemi shawararsu. Tun 2011 kuma ake tunawa da su ranar 12 ga Afrilu ta kowace shekara.

Akwai kuma inda wannan gayya take ɓaci. Wani yakan biya kuɗin jirgi da masauki daga cikin abin da aka tara, sai ya zama yawon shaƙatawa aka yi da sunan marayu. Wani kuma yakan ɗauki hoton yara cikin tsumma yana nunawa ba da yardar kowa ba. Saboda haka mai bayarwa yana da haƙƙin tambaya uku: nawa aka tara, nawa aka kashe a hanya, wa ya karɓi sauran?

Maganar ba ta nesa ba ce. Duk wanda ya sauka a tashar mota ta Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai ya ga yara da ƙoƙo a hannu. Ba a manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, a kan hanyar Aljeriya. Ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Daga cikinsu 52 yara ne, 33 mata. Talauci ne ya tashe su daga gida.

To, ga lissafi ga ɗaliban yaƙi da jahilci. Tsakanin Damagaram da Maraɗi akwai wajen kilomita 235. A ce samari 20 sun yi niyya, kowane ya sami mutum 10 da za su biya dala ɗaya a kan kilomita. Mutum ɗaya zai ba da dala 235. Mutum 10 za su ba da dala 2,350, wato jika 11 da dala 150. In aka haɗa na samari 20, an sami jika 235 cif. Ba a roƙi kowa daga waje ba, kuma ba wanda aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa.

Lokacin da ya dace shi ne bayan kaka, cikin ɗari, sa'ad da rana ba ta da zafi kuma mutane suna da ɗan abin hannu. Gara a taso daga Damagaram a yi yamma, domin iskar hunturu daga gabas take busowa, sai ta zama mai turi. A ya da zango a Takeita da Tasawa da Agye, a gai da hakimai, a yi wa jama'a bayani a kasuwa. A sanar da hukuma tun da wuri. A tafi da ruwa da famfo da faci, kada a yi tafiyar dare.

Kafin a taka feda, a kafa kwamiti: mai gari, liman, wakiliyar mata da magatakarda wanda ya iya rubutu. Kowane alkawari a rubuta shi cikin littafi. In an dawo a karanta lissafi a dandali kowa ya ji. A kuma yanke tun farko abin da za a yi da kuɗin: jarin ƙuli-ƙuli ga gwauruwa mai ƴaƴa biyar, akuya ga gidan da rumbu ya ƙare, kuɗin koyon ɗinki ko gyaran keke ga yaron da ya girma a tasha, sabulu da tabarma ga makarantar allo.

Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Keken da ke jingine a zaure yana iya zama sanadin komawar wani yaro gaban uwarsa. Allah ya ba masu niyya ƙarfin ƙafa, ya ba masu riƙon kuɗi amana.