Keke da Hanyoyin Gaɓar Komadugu

Yara, akwai wata magana da nake ji a bakinku wadda ba ta yi mini daɗi ba. Kukan ce wai keke abin hawan wanda bai samu babur ba ne. Ni ban yarda ba. A ganina, nan Shetimari babu abin hawan da ya dace da ɗan makaranta kamar keke, kuma ya kamata lakwal ta koya muku shi kamar yadda take koya muku aikin garka.

Bari mu fara da lissafi. Daga Shetimari zuwa Difa wajen kilomita 25 ne bisa babbar hanyar kwalta, wadda ta fito daga Damagaram ta bi ta Maine Sorowa. Mai tafiya a ƙasa yana cin kilomita 5 a awa guda. Ke nan sai ya yi awa 5 kafin ya isa. Mai keke kuwa, ko ba ya gaggawa, yana cin kilomita 12 ko 13 a awa, awa 2 ta ishe shi. To, ku dubi yaron da ƙauyensu ke kilomita 6 daga lakwal. A ƙasa, ya fi awa guda yana tafiya, ya iso a gajiye, malam yana bayani shi yana gyangyaɗi. Wata rana sai a ga bai zo ba, daga nan ya daina zuwa ke nan. Da keke gare shi, rabin awa ce kawai.

Manyanku sun san darajar keke fiye da ku. A watan Fabrairu na shekarar 2015, ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, ta hana hawan babur a jihar Difa. Ƴan kabu-kabu suka rasa sana'a. Mai zuwa kasuwa da mai zuwa gona suka rasa abin hawa. Sai mutane da yawa suka koma ga amalanke da tsofaffin kekunan da aka jingine bayan ɗaki. Abin da aka raina shi ya kai mutane asibiti da kasuwa. Ba ya shan mai, ba ya cin ciyawa.

Na san abin da za ku ce: "Malam, rairayi fa?" Gaskiyarku. Ƙasarmu iri biyu ce. Daga hanyar kwalta zuwa arewa rairayi ne da tuddai, inda makiyaya ke kiwo. Can taya takan nutse, sai mutum ya sauka ya tura. Amma daga kwalta zuwa kudu, wajen kogi, akwai ƙasar laka. Da rani takan bushe ta yi tauri, keke ya yi ta gudu kamar bisa daɓe. Babu dutse, babu hawa mai wuya. Hanyoyin suna ratsa gonakin tattasai da na shinkafa, suna bi ƙarƙashin goruba da bagaruwa da tsamiya. Wanda ya san ƙasa ya san inda zai bi.

Kuma hanyar gaɓa ba ɗaya take ba duk shekara, don kogin ne ke mulkinta. Komadugu Yobe daga nesa yake zuwa. Kogin Haɗeja da kogin Jama'are ne suke haɗuwa cikin Nijeriya su haife shi. Ruwan yakan daɗe cikin fadamun Haɗeja da Nguru kafin ya iso mana, shi ya sa yake cika sosai bayan damina ta wuce, wajen Oktoba zuwa Disamba. Abin mamaki, sama ta daina zubo da ruwa, kogi kuwa yana ƙaruwa! Daga nan ya wuce Difa da Geskeru, ya faɗa tafkin Cadi kusa da Boso. A shekarar 2019 ya yi ambaliya, ya ci gonaki da gidaje. Saboda haka hanyar da ka bi lafiya a watan Maris, a watan Nuwamba sai kwalekwale. Ɗan keke dole ya san watanni, ya san ruwa. Wannan ilimin ƙasa ne, kuma ya fi zama cikin kai bisa wanda aka kwafa daga allo.

Akwai wani irin keke da aka ƙera don hanyar da ba ta da kwalta. A faransanci ana ce masa VTT. Tayarsa mai faɗi ce, mai gurza-gurza, ga giya da yawa. Wasu samari ne na jihar Kaliforniya a ƙasar Amurka suka fara shi cikin shekarun 1970, suna gangarowa daga duwatsu bisa tsofaffin kekuna masu kaurin taya. A 1996 har aka sa shi cikin wasannin Olimpik a birnin Atlanta. Mu ba mu da duwatsu. Abin da ya shafe mu shi ne faɗin tayar, don taya mai faɗi ba ta nutsewa da sauri cikin rairayi. In babanka zai sayi keke na hannu a kasuwar Difa, ka ce ya dubi taya da birki kafin ya dubi fenti. In kuwa tsohon keke ne gare ku mai siririyar taya, rage mata iska kaɗan in za a ratsa rairayi, za ka ga bambanci.

A Faransa da wasu ƙasashe, masu irin wannan keke sukan zana hanyoyinsu bisa taswira. Su rubuta tsawon kowace, su sa alama ga mai sauƙi da mai wuya. Don shaƙatawa suke yi. Me zai hana mu yi namu don amfani? Kowane ɗalibi ya zano hanyar da yake bi daga gida zuwa lakwal. Ya nuna inda rijiya take, da inda rairayi ya yi yawa, da inda ƙayar aduwa ke zuba, da kwarin da ruwa ke tsayawa. Ya rubuta sunan kowane wuri kamar yadda tsofaffi ke faɗinsa, da barbarci ko filatanci ko hausa, kana mu sa fassarar faransanci a gefe. Mu haɗa su bisa babbar takarda, mu manna a bangon aji. Ƙannenku na aji ɗaya za su amfana da ita.

Amma ku saurara da kyau. Ban ce kowa ya ɗauki keke ya nufi bakin kogi ba. Kogin nan shi ne iyakarmu da Nijeriya. Da yawa daga cikinku iyayensu ta nan suka ƙetaro daga Damasak a ƙarshen 2014, suka sauka Gagamari, sun kuwa san abin da ya koro su. Hanyar da za mu zana ita ce wadda mai gari da iyaye suka ce a bi, ba wata ba. Ba a tafiya mutum ɗaya. Ba a tafiya da asuba ko bayan magariba. In kun ga wani ƙarfe ko waya ko ƙunshi da ba ku sani ba bisa hanya, kada ku taɓa, kada ku jefe shi da dutse. Ku juya ta inda kuka fito, ku gaya wa babba. Bisa kwalta kuma ku riƙe hannun dama, ku sauka gefe in babbar mota ta taho.

Saura maganar ƴan mata. Wasu iyaye sukan ce bai kamata ƴa mace ta hau keke ba. Ina girmama su, amma ina roƙonsu su sake dubawa. Yarinyar nan ita ke ɗebo ruwa da safe, ita ke share gida, kana ta kama hanyar lakwal. Ita ce ta fi kowa bukatar abin da zai rage mata tafiya. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, mata manya da yara suna hawan keke zuwa kasuwa da makaranta, ba wanda ya ce sun zubar da mutunci. Wando ƙarƙashin zane ya raba gardama.

Tsada kuwa gaskiya ce, ba kowane gida ke iya saye ba. Nan ne ƙungiyar iyayen yara da asusun lakwal za su iya taimakawa. Ko kekuna uku aka samu, a ba waɗanda suka fi nisa aro, su maido ƙarshen shekara. Sai dai keken aro ba ya daɗewa in ba a iya gyaransa ba. Don haka nake so a ware awa guda a sati, a roƙi mai faci na bakin kasuwa ya zo aji. Ya nuna muku yadda ake cire taya, a tsoma robar ciki a ruwa a ga inda kumfa ke fita, a goge wurin, a shafa gam, a jira ya sha iska kafin a manna faci. Ya nuna yadda ake maida sarƙa in ta zame, da yadda ake wanke ta a sa mata mai kaɗan, don mai da yawa rairayi yake tarawa. Kayan aikin ba su wuce famfo ɗaya, da sifana biyu, da gwangwanin gam ba.