Sharhi: Samanja Mazan Fama da makomar faya-fayan wasan kwaikwayon Hausa

Kontagora garin sarauta ne, kuma garin soja. A nan Cibiyar Horar da Sojojin Ƙasa ta Najeriya take, kuma tun daga shekarar 1901 da dakarun Turawan mulkin mallaka suka ci garin a zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, kakin soja bai zama baƙon abu a idon mutanensa ba. Shi ya sa idan aka ambaci sunan Samanja Mazan Fama a majalisar dattawan garin, ba a buƙatar dogon bayani. Sun san mutumin da ya kwaikwaya, domin sun yi ciniki da irinsa a kasuwa, sun yi maƙwabtaka da shi, sun kuma ji irin Hausar da yake yi a bakin ƙofar bariki.

Alhaji Usman Baba Pategi, wanda ya rayu da wannan suna, ya rasu a Kaduna ranar Lahadi 12 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara 81. An yi ta aiko da saƙonnin ta'aziyya daga sassan ƙasar nan, an yabi gudummawarsa. Amma akwai tambayar da ta'aziyya ba ta amsa ba, kuma lokacin amsa ta yana ƙurewa: a ina aikin da ya yi yake, a wane hali, kuma wa zai iya kallonsa nan da shekara ashirin?

An haifi Usman Baba a shekarar 1942 a Pategi, garin Nufawa da ke gaɓar kogin Kwara a Jihar Kwara ta yanzu, daura da ƙasar Jihar Neja. Ɗan gidan sarauta ne, ɗan Etsu Pategi. Bayan karatunsa a Pategi da Ilorin ya koma Kaduna, ya samu aiki a gidan watsa labarai na Arewa, wanda gwamnatin Sardauna ta kafa a 1962. A cikin shekarun 1960 ya shiga aikin soja, daga baya ya dawo fagen rediyo da talabijin a Kaduna. Abin da ya gani a bariki shi ya zama jarinsa.

Kalmar samanja ita kanta Hausantar da muƙamin sajan manjo ce, wato babban kurtun da ke tsakanin hafsoshi da ƙananan sojoji. Shi ne mai tsawa a filin fareti, shi ne mai sasanta rigimar iyali a layin bariki, shi ne kuma wanda ake tsoro ana yi masa dariya a ɓoye. Usman Baba ya ɗauki wannan mutum ya kai shi rediyo da akwatin talabijin, a zamanin da sojoji ke riƙe da mulkin ƙasar. Farar hula suka samu damar yi wa kaki dariya a fili ba tare da fargaba ba, sojoji kuma suka ga kansu a matsayin mutane masu mata da 'ya'ya da bashi da kuskure. A ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Ga mai nazarin harshe, babbar taskar da ke cikin wasan ita ce bakin Samanja. Hausar bariki, wadda ake kira barikanci, tana da dogon tarihi. Tun daga rundunar da Kyaftin John Glover ya kafa a Legas a 1863, har zuwa rundunar Afirka ta Yamma da Lugard ya tsara a 1897, Hausa ce ta zama harshen da sojoji 'yan ƙabilu daban-daban ke fahimtar juna da shi. A bakinsu ta sauya kama: bambancin namiji da tamace ya raunana, haruffa masu lanƙwasa suka miƙe, kalmomin Ingilishi suka shigo suka samu gindin zama. Usman Baba, Banufe da ya ƙware a Hausa, ya san wannan salo ciki da waje, ya kuma haɗa shi da Ingilishin bariki ya yi abin dariya da shi. Duk mai aikin fassara ya san cewa irin wannan magana ba ta shiga takarda yadda take. Ana iya rubuta kalmomin, amma karin murya da tsawa da inda ake yanke numfashi, sai a faifai. Idan faifan ya lalace, wani babi na tarihin Hausa ya tafi ke nan.

Domin a gane girman abin da ake magana a kai, yana da kyau a dubi wani ɗan wasa daga wata nahiya, wanda rayuwarsa ta yi kama da ta Samanja ta wasu fuskoki. An haifi Sean Connery a birnin Edinbura na ƙasar Sikotilan a 1930, a gidan talakawa. Ya yi aikin raba madara gida-gida, ya shiga rundunar sojan ruwan Birtaniya yana da shekara 16, aka sallame shi bayan shekara uku saboda gyambon ciki. A 1962 ya fito a matsayin James Bond a fim ɗin Dr. No, ya kuma maimaita wannan rawa har sau bakwai gaba ɗaya. A 1988 ya samu lambar Oscar saboda rawar da ya taka a The Untouchables. Kamar Samanja, muryarsa ce tambarinsa: ko da ya fito a matsayin kwamandan jirgin ƙarƙashin teku na Tarayyar Sobiyet a 1990, da karin harshen mutanen Sikotilan ya yi magana. Ya rasu a ƙasar Bahamas ranar 31 ga Oktoba, 2020, yana da shekara 90.

Finafinan Connery suna nan, an sabunta su, ana kallonsu, kamfanonin da suka mallake su suna ci gaba da samun kuɗi da su. Sai dai akwai wani ɓangare na tarihinsa da ya fi dacewa da halin da muke ciki. Wasan da ya fara fito da sunansa na talabijin ne, Requiem for a Heavyweight, wanda BBC ta watsa kai tsaye a 1957. Hoton wannan wasa bai wanzu ba. Sai a 2014 daraktansa, Alvin Rakoff, ya gano wani faifan sauti da ya ajiye a gidansa. Wato har Birtaniya, da duk arzikinta, ta yi asarar ɗimbin shirye-shiryen talabijin, wasu ba a naɗe su ba tun farko, wasu kuma an goge su an naɗi wani abu a kan faifan saboda tsadarsa. Bambancin shi ne sun farga. A 1993 Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta fara gangamin neman shirye-shiryen da suka ɓace, tana roƙon tsofaffin ma'aikata da masu sha'awar tara kayan tarihi su duba ɗakunan ajiyarsu, kuma an samo da dama ta wannan hanya. Ita kuma Sikotilan tun 1976 ta kafa taskar hotuna masu motsi, wadda yanzu ke ƙarƙashin Ɗakin Karatu na Ƙasa.

Matsalar faifan bidiyo ta kimiyya ce, ba ta jiran kasafin kuɗi. Zaren kaset roba ce da aka shafa wa garin ƙarfe da wani irin danƙo. Zafi da laima suna narkar da danƙon, zaren ya manne ko ya yi fumfuna, ƙurar hunturu kuma ta kankare shi. Ko zaren ya tsira, na'urorin da ke karanta irin su U-matic da Betacam, waɗanda gidajen talabijin suka yi aiki da su a shekarun 1970 zuwa 1990, an daina ƙera su, masu gyaransu kuma suna tsufa. Tun a 2015 hukumar adana finafinai da sauti ta Ostireliya ta yi gargaɗin cewa duk faifan da ba a kwafe shi zuwa kwamfuta ba kafin 2025 yana cikin haɗarin salwanta har abada. Wannan gargaɗi an yi shi ne ga ƙasashen da ke da ɗakunan ajiya masu sanyi. Ƙasar da ke fama da zafin bazara da ɗaukewar wutar lantarki ta fi kowa buƙatar jin sa.

Ba Samanja kaɗai abin ya shafa ba. Kafin a fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, fim ɗin da ake ɗauka a matsayin mafarin masana'antar Kannywood, gidajen rediyo da talabijin na gwamnati ne makarantar 'yan wasan Hausa. Daga can Ƙasimu Yero ya fito, wanda aka sani a Karambana da Magana Jari Ce da Cock Crow at Dawn, ya kuma rasu a Kaduna a watan Satumban 2017. Daga can Abdullahi Shu'aibu, Karkuzu na Bodara, ya yi suna a Jos, ya rasu a watan Maris na 2025. A ƙarshen rayuwarsa sai da ya fito ya nemi taimakon jama'a, har ɗan ƙwallon ƙafa Ahmed Musa ya saya masa gida. Alheri ne da ya cancanci yabo, amma ya tona wani asiri: mutumin da ya shafe shekaru yana nishaɗantar da miliyoyin jama'a bai kamata tsufansa ya dogara ga tausayin wani ba.

A nan batun adanawa ya haɗu da batun haƙƙi. A Amurka, yajin aikin da 'yan wasa suka yi a 1960 shi ya samar masu da asusun fansho da wani kaso na kuɗi idan aka sake nuna sababbin finafinansu a talabijin. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Beijing kan haƙƙin 'yan wasa a 2017, kuma a watan Maris na 2023 aka sa hannu kan sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta tanadi kariya ga masu wasa. Amma doka ba ta iya karɓo wa magada kuɗi a kan aikin da babu shi. Abin da ke yawo yau na tsofaffin wasannin Hausa a YouTube da Facebook yawanci guntaye ne masu dishi-dishi, galibi babu sunayen 'yan wasa, babu shekarar da aka yi su. Sai an tattara, an tantance, an rubuta wanda ya yi me, kafin a yi maganar wa za a biya.

Akwai hujjar cewa abin mai yiwuwa ne. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓace. A 2016 aka gano shi a cikin ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta birnin Berlin ta taimaka aka gyara shi, aka kuma nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Hukumar tana da taskar finafinai da bidiyo da sauti a Jos, kuma Jami'ar Jos ta buɗe karatun digiri na biyu a fannin adana finafinai tare da haɗin gwiwar wata jami'ar Jamus. Tun watan Janairun 2024 kuma Ali Nuhu, ɗan wasan da ya taso a cikin wannan sana'a, shi ne shugaban hukumar. Ma'aikata da wurin ajiya da shugabancin da ya san darajar kayan duk sun samu.

Abin da ya rage shi ne a haɗa hannu. Matakin farko ƙidaya ce: Hukumar Talabijin ta Ƙasa da Rediyon Tarayya na Kaduna da gidajen watsa labarai na jihohi su buɗe ɗakunan ajiyarsu, a rubuta kowane faifai da halin da yake ciki, a fara kwafe waɗanda suka fi kusa da lalacewa. Na biyu, a yi kira ga jama'a kamar yadda aka yi a Birtaniya. A garuruwa irin su Kontagora da Zariya da Gusau, a shekarun da bidiyo ya shigo gidaje, mutane sun naɗi shirye-shirye daga talabijin, masu shagunan haya sun tara kasusuwa, tsofaffin ma'aikata sun ajiye kwafi. Wani abin da babu shi a ofis yana iya kasancewa a cikin adakar wani tsohon soja. Sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi, har da Jami'ar Ilimi ta Tarayya da ke Kontagora, suna iya zama wuraren karɓa da tantancewa. Na uku, rundunar soja tana da ruwa da tsaki a ciki, domin tarihin zamantakewar barikinta ne ke cikin wasan Samanja. Na huɗu, duk abin da aka ceto aka sake nunawa, a ware wa 'yan wasan da ke raye da magadan waɗanda suka rasu kasonsu a rubuce.

Ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara ce hukumar UNESCO ta keɓe domin tunawa da kayan tarihi na sauti da hoto, kwana 16 kacal kafin zagayowar ranar rasuwar Usman Baba Pategi. Hukumomin da abin ya shafa suna iya ɗaukar wannan tsakani su bayyana wa 'yan ƙasa adadin faya-fayan Samanja da ke hannunsu, da nawa aka kwafe, da inda ɗalibi daga Kontagora zai je ya saurari Hausar da kakansa ya yi a bariki. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wadda aka rufe bakin tulunta.

Allah ya jiƙan Samanja da sauran magabatan wannan sana'a.